Ɗan Kabu-kabun da Ya Yi Tsere da Jirgin Madina

Wani ɗan kabu-kabu ne a Illo, ba zan faɗi sunansa ba, don na san yana da dangi a cikinku.

Shekararsa goma sha biyu yana jigila tsakanin Illo da Lolo da ƙetaren iyaka cikin Benin. Babur ɗinsa ya ɗauki albasa, ya ɗauki shinkafa, ya taɓa ɗaukar mai jego da jaririnta da buhun gawayi a sawu ɗaya. Wannan aiki abu guda ya koya masa, kuma a kansa ya gina duk iliminsa na duniya. A wurinsa ba da nisa ake auna tafiya ba, da shinge ake auna ta. In ka tambaye shi nisan wani gari, ba zai ce maka kilomita kaza ba. Cewa zai yi, "Shinge huɗu ka tsakani. Biyu gaisuwa kawai, guda takarda, guda sai ya ga ƙasan buhu."

To, akwai wata bazawara a unguwarsu, Safina, 'yar Malam Namadi, mai soya kifi ranar kasuwar Lolo. Mutumin nan yana sonta kamar ya mutu. Ita ma ba ta ƙi shi ba, don yana sa ta dariya, kuma ba shi da rowa. Matsalar ɗaya ce. Mijinta na farko ya ce mata zai je Kwatano ya yi mako guda, sai da ya shekara uku, a ƙarshe ma takardar saki ya aiko ta hannun direba. Tun daga nan duk namijin da ya ce mata "ina nan zuwa" sai ta ji gabanta ya faɗi. Shi kuwa gogan naka ba maƙaryaci ba ne, amma ba ya iya wuce inuwa ya ga mutum uku zaune bai tsaya ba. In ya ce mata zai zo da la'asar, sai gobe da hantsi za a gan shi, da labari mai daɗi a baki.

Ga kuma abokin takara, Bunyaminu mai shagon cajin waya. Shi ba ya ba da dariya, ba ya ba da haushi. Kullum yana inda aka bar shi.

Ana nan sai Allah ya kira Malam Namadi aikin hajji. Ana jibi maniyyatan Bagudo za su tafi sansani a Birnin Kebbi, mutumin ya zo zance da yamma, ya makara kamar yadda ya saba. Ya tarar Safina a bakin zaure tana gyara kifi, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ya ce, "Safina, wallahi wani na ya tare ni bakin tasha..."

Ta ce, "Kullum wani na. Malam, ni na gaji. Baba ya ce in ya dawo in hidda mishi guda cikinku. Ni kuwa ba ni ƙara zaman jiran namiji. Na yi na shekara ukku, ya ishe ni."

Maganar ta soke shi sosai, don ya ga idonta ya kawo ruwa. Da mai hankali ne da sai ya ba da haƙuri ya yi shiru. Shi sai ya miƙe tsaye ya gyara hula.

Ya ce, "To ki gwada ni. Ni za ni raka Baba har hilin jirgi. In ga tashinai da idona. In hau babur in taho in tsaya nan inda nike, in ce miki ya tashi lahiya, tun jirgin bai sauka ba."

Ta ce, "Baba ya ce da sun sauka, Hamma maƙwabcinmu zai kira wayar Bunyaminu, tunda tare za su tahi."

"To in muryar Baba ta riga tawa shiga gidanga, kar ki ƙara amsa sallamata."

Sai a lokacin ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ce, "Ni ban sa ka ba. Kai ka hwaɗi da bakinka."

"Ni na hwaɗi."

"Shi ke nan, na riƙe."

Ya tafi gida yana murmushi, yana jin tausayin Bunyaminu. Ai kakan gogan naka ma ya je Makka, kuma kowa a gidansu ya san labarin: a ƙasa ya tafi, shekara bakwai, ya yi noma a Chadi, ya yi ɗinki a Sudan, ya dawo da mata da 'ya'ya biyu. In ƙafa ta ci shekara bakwai, jirgi ko na aljanu ne ai ya ci kwana uku.

Ranar tafiya aka zuba maniyyata a motoci, dukansu cikin yadi iri ɗaya, maza da hula iri ɗaya, jaka iri ɗaya. Mutumin ya bi bayansu a babur har Birnin Kebbi. An ce jirgi zai tashi Litinin, bai tashi ba. An ce Talata, bai tashi ba. Kowa ya damu, ban da shi. Yana zaune a gindin bishiya a bakin sansani yana gyaɗa kai, yana ce wa 'yan rakiya, "Lodi na bai cika ba. Ku bar ni da direbobi, na san halinmu."

Ranar Laraba da sassafe aka kwashi mutane zuwa filin jirgi a Ambursa. Malam Namadi ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Yaro, ka gaida gida. Ka ce ma Safina ta kula da awakin nan. Kuma don Allah kar ka tsaya surutu bisa hanya."

"Baba, ku dai ku yi muna addu'a. In kun isa Nijar ku sha ruwa da kyau, hanya na da tsawo."

'Yan rakiya ba a barinsu shiga, sai suka jeru a bayan wayar da ta kewaye filin suna hange. Nan ya ga wani jami'in alhazai da kati rataye a wuya, ya fito yana amsa waya. Ya bari ya gama, sannan ya matsa ya gaishe shi.

"Yallaɓai, tambaya gare ni. Daga nan zuwa Madina, kwana nawa na?"

Jami'in ya ce, "Kwana kuma? Awa biyar ne, ko da 'yan mintoci."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe waya. "Yallaɓai, ni ma direba na. Ba fasinja kake magana da shi ba. Hwaɗa min ta tsakaninmu."

"Ita ce na gaya maka. Kusan kilomita dubu huɗu ne, jirgin kuma yana cin fiye da ɗari takwas a awa. Yi lissafi da kanka."

"Bar batun kilomita. Ƙasa nawa za shi ratsa?"

"Zai bi ta kan Nijar, da Chadi, ya wuce gaba, ya ƙetare teku."

Mutumin ya fara lanƙwasa yatsu. "To tsaya. Hita Najeriya, shinge. Shiga Nijar, shinge. Hita Nijar, shiga Chadi. Hita Chadi, shiga Sudan. Kowace iyaka baki biyu gare ta. Mutum nawa ka ciki?"

"Sun haura ɗari huɗu."

"Ɗari huɗu. Kowa da jaka biyu. Yallaɓai, ni da buhu guda da tsohuwa guda, jandarman Benin ya taɓa tsai da ni tun hantsi har azahar, don hoton katinta bai yi kama da ita ba. To tsohuwa nawa ka cikin wanga jirgi? Wace tsohuwa ta taɓa kama da hotonta?"

Jami'in ya ce, "Malam, ba a tsayawa. Ta sama ake wucewa."

"Sama ba ta da mai ita? Ka taɓa jin ƙasar da ta bar ƙoharta buɗe don mutum ya biyo ta bisa? Sauko da shi za su yi. Su ce kowa ya hito da jakatai. Garin rogon nan da yajin nan da munka ga ana ɗaurewa, sai an shinshina su ɗaya bayan ɗaya."

Jami'in ya dube shi, ya dubi agogo, ya ga ba shi da lokacin wannan jihadi. Ya ce, "Allah ya ba ka lafiya," ya koma ciki.

Mutumin ya juya ga 'yan rakiya ya ce, "Kun gani? Da na kawo mishi hujja ya gudu."

Ƙarfe tara daidai jirgi ya yi gurnani, ya yi gudu, ya ɗaga. Mata suna share hawaye, maza suna ɗaga hannu. Shi kuwa ya bi shi da ido irin na masani, ya ce, "Ya yi lodi da yawa. Dubi yadda gindinai ya yi ƙasa. Wanga ko iyakar Nijar bai kai ba sai ya tsaya ya sha iska."

Daga Ambursa zuwa Illo, in mutum ya riƙe babur da gaske, awa huɗu da rabi ce zuwa biyar. Wato da ya hau a lokacin ya kama hanya, da an yi tsere na gaskiya. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi a labarin nan duk lokacin da na tuna.

Amma ina. Mutum mai kwana uku a aljihu me zai yi da sauri? Ya shiga kasuwar Birnin Kebbi neman mayafin da zai kai wa Safina. Ya ɗaga wannan, ya ajiye wancan, ya sa mai shago ya yafa guda uku a kansa don ya ga yadda za su zauna. Ya fito da shuɗi. A Kalgo ya tsaya cin tuwon shinkafa, ya tarar ana gardamar ko jirgi yana da giyar baya. Ai kuwa ya wanke hannu ya karɓi shari'ar, bai tashi ba sai da aka kira azahar.

Wajen ƙarfe biyu ya iso Bunza, ya faɗa rumfar abokinsa Ɗanmusa mai faci. Daidai lokacin da tayar jirgi ke taɓa ƙasa a Madina, shi yana durƙushe yana haƙa ramukan dara da tsinke.

Ɗanmusa ya ji labarin alkawarin, ya ajiye tayar da ke hannunsa. Ya ce, "Abokina, ka tashi ka tahi. Ƙanena ya je bara. Da sahe munka raka shi, kahin la'asar ya kira."

"Daga ina ya kira?"

"Daga Madina mana."

"Kai ka gane shi can? Haka duk matahiyi ka cewa don hankalin gida ya kwanta. Ni sau nawa ina Lolo nike ce ma mutane ga ni Illo? Zauna mu yi wasa."

Suka yi wasa uku, ya ci biyu. Ana cikin na huɗu, bayan la'asar, sai aka ji ƙara can sama. Ya fito daga rumfa ya kare ido da hannu. Wani jirgi ne can ƙololuwa, ƙarami kamar farar tsutsa, Allah kaɗai ya san daga inda ya fito da inda za shi. Abin da mutumin ya lura da shi ɗaya ne: hancinsa yamma yake kallo.

Ya ce a hankali, "An maido su."

Ɗanmusa ya ce, "An maido wa?"

"Su Baba. Da sahe gabas ya yi, yanzu ga shi ya yi yamma. Takarda ta ba ta cika ba. Na hwaɗa ma mutumin nan, ya tsaya yi min lissahin kilomita." Ya tafa hannu. "Ko Nijar ba su wuce ba. Allah sarki Baba, tsoho da ciwon gwiwa, an sauke shi an yi ta bincike cikin rana."

"To ai sai ka yi gida, ka riga kowa."

"In je in ce mi? Na ce ma Safina in ga tashinai da idona. Tashin da anka maido ba tashi na ba. In na kai mata labari ya tashi, gobe ta ji shina Birnin Kebbi zaune bisa jaka, na zama maƙaryaci. Ni ba irin mijinta na hwarko na ba."

Ɗanmusa ya yi magiya, ya haɗa shi da Allah, har makullin babur ya ɓoye a cikin tsohuwar taya. Bai yi amfani ba, dole ya fito masa da shi. Mutumin ya juya kan babur ya koma inda ya fito, yana jin kansa mutum mai cika alkawari. Ya kwana a wurin wani ɗan garinsu a Birnin Kebbi.

Ranar Alhamis da hantsi yana bayan waya a Ambursa. Me zai gani? Ga jirgi nan tsaye, fenti iri ɗaya, tambari iri ɗaya a wutsiya. Ga mutane a layi suna hawa, yadi iri ɗaya, hula iri ɗaya, jaka iri ɗaya. Daɗi ya kama shi har ya rasa wanda zai gaya wa, ya kama hannun wani ɗan rakiya da bai taɓa gani ba yana girgizawa.

Can sai ga jami'in jiya ya fito. Mutumin ya tare shi da fara'a.

"Yallaɓai, ina kwana. Yaya awa biyat?"

Jami'in ya gane shi, ya yi ajiyar zuciya. "Ba ka tafi ba?"

"Na tahi, na ga an maido ku, na dawo. Wace iyaka ta? Nijar ko?"

"Ba wanda aka maido. Na jiya sun sauka tun jiya. Jirgin ne ya dawo ɗaukar sawu na biyu. Waɗannan mutanen Yauri ne da Zuru."

Mutumin ya matso kusa, ya rage murya, ya kanne ido ɗaya. "Yallaɓai, kar ka ji kunyata. Mu ma in anka maido mu daga iyaka da kaya, munka shigo tasha, haka muka cewa: sawu na biyu na. Ba ni hwaɗa ma kowa."

Jami'in ya dube shi sama da ƙasa. Ya sake cewa, "Allah ya ba ka lafiya," amma wannan karon da gaske yake.

A cikin layin akwai wani tsoho mai farin gemu yana ɗingishi. Daga inda mutumin yake, duk tsoho mai farin gemu cikin wannan yadi Malam Namadi ne. Ya cire hula yana kaɗawa, yana kiran "Baba, Baba." Tsohon ya kai saman matakala, ya waiwayo, ya ga wani yana ta tsalle a bayan waya. Bai san shi ba, amma mutumin kirki ne, sai ya ɗaga masa hannu.

Ƙarfe goma jirgi ya ɗaga. A nan fa lissafin mutumin ya canza. Ya san abu ɗaya daga jikinsa: ba direban da ya kai wanda aka maido gudu. Haushi ke tuƙi, ba shi ba. Ga shi yanzu takardu sun cika, kuma masu shinge sun riga sun shinshina yajin jiya. Ya ce a ransa, wannan in ba a yi wasa ba yau zai kwana Chadi. Ya cusa mayafi cikin riga, ya ɗaure hula da igiya, ya buga babur.

Jama'a, ranar an ga tuƙi. Ya wuce Kalgo, masu gardamar jiya suna kiransa ya zo an samu sabuwar hujja, ko waiwaye bai yi ba. Ya wuce Bunza, Ɗanmusa ya fito tsakiyar titi yana ɗaga hannu biyu yana ihun "Sun sauka tun jiya," shi kuwa iska ta cika masa kunne, ya ɗauka kirari ake yi masa, ya danna oda sau biyu ya wuce. A Dakingari wata mata mai tulu biyu ta tsayar da shi, ya ce mata ta yafe shi, yau ba haya yake ba. Duk shingen da ya zo, tun daga nesa yake zaro takardunsa ya riƙe a baki. Wani jami'i ya tambaye shi ina za shi da wannan sauri, ya ce, "Jirgi nike tsere da shi." Jami'in ya ɗaga masa sanda da sauri, ya matsa gefe sosai.

Ya wuce Bagudo, ya hau gadar Tuga, kogi na ƙyalli hagu da dama, bai kalla ba. Mutumin da bai taɓa wuce inuwa ba, ranar ya wuce inuwa ta fi ɗari. Ƙishirwa ta kama shi, bai tsaya ba. Kuma tsakani da Allah, a duk tsawon hanyar nan Safina kawai yake gani, tsaye a bakin zaure, yau ga namiji ya ce zai zo kuma ya zo.

Ƙarfe biyu da rabi ya shigo Illo. Awa huɗu da rabi cif. Ya taka birki a ƙofar gidan Malam Namadi har kaji suka watse. Ya sauko, fuskarsa ja wur da ƙasar hanya, ban da zagayen ido. Ya yi sallama da ƙarfi, aka ce ya shigo.

Tsakar gida cike da mata, ana ta raba wainar sadaka. Safina tana zaune a kan tabarma. Bunyaminu yana tsaye a kan turmin da aka kife, ya ɗaga waya sama, don a nan ne kawai sabis ke kamawa a gidan.

Mutumin bai tsaya duba komai ba. Ya tsaya a gabanta, ya buɗe hannuwa.

"Safina, albishirinki. Baba ya tashi lahiya. Ƙarhe goma daidai, da idona. Yanzu haka suna bisa Nijar, in ba a sauko da su ba."

Wata tsohuwa ta tsaya da waina a hanyar baki.

Sai wata murya ta fito daga saman turmi. "Wa nike ji kamar yaron nan mai babur?"

Bunyaminu ya juyo da fuskar wayar. Ga Malam Namadi nan a ciki, ya yi wanka ya yi fes, a bayansa manyan laimomi da farin dutse, mutane farare da baƙaƙe suna wucewa. Gefen fuskar Hamma ma ta leƙo tana dariya.

Mutumin ya matsa kusa da turmi, ya ɗaga kai. "Baba, ina wuni. Ina kuke haka?"

"Madina mana. Tun jiya."

"Baba, ku duba da kyau. Ku tambayi wani ɗan gari. Direba in ya gaji shina iya sauke mutane ko'ina ya ce an iso."

"Yaro, salla shida na yi cikin masallacin Manzon Allah. Ga kubba can koriya ina kallo."

Matan suka yi salati. Shi kuwa ya share zufa, ƙasa ta zama taɓo a goshinsa.

"To Baba, wa na gani yau da sahe bisa matakala? Da gemunku, da ɗingishinku, da yadinku. Har hannu kunka ɗaga min."

"Yadin ai jiha duka anka raba ma. Ɗingishi kuwa ba ni kaɗai Allah ya ba ba. Kai ina ka shiga tun jiya? Na kira da la'asar anka ce ba ka iso ba, na kira da sahe anka ce ba ka iso ba. Har na sa Hamma ya yi maka addu'a, mun ɗauka rami ka hwaɗa."

Dariyar da matan ke dannewa ta ƙwace. Safina kaɗai ba ta yi ba. Jiya tun azahar take fita bakin zaure tana leƙen hanya, har tuwo ya kama a tukunya, kuma kowa a gidan ya gani.

Mutumin ya shiga lissafi da yatsu. Can ya ɗaga kai.

"Baba, tsakaninku da Allah, sau nawa anka tsai da ku?"

"Ko sau ɗaya."

"Nijar?"

"Ban gane ta ba. Barci nike."

"Chadi? Ba wanda ya buɗe jaka?"

"Shinkahwa da kaza anka ba mu, na ci, na gyangyaɗa, anka ce mu ɗaura bel mun iso."

Ya juya ga jama'a, fuskarsa ta nuna ya gano bakin zaren. "To kun ji. Ƙasa ukku da teku, ba shinge ko guda. Wanga ba hanyar gwamnati ya bi ba, ta daji ya yanke. Ni na bi titi, na nuna takarda wuri tara. Ai ba a haɗa mai gaskiya tsere da ɗan sumoga."

Bunyaminu ya yi magana karo na farko. Ya ce, "Hannuna ya gaji, in sauko?"

Ba wanda ya kula shi. Mutumin ya zaro mayafin daga cikin riga, ya jiƙe da zufa, shuɗin ya zuba a farar singiletinsa. Ya durƙusa ya ajiye a gefen tabarmar Safina. Muryarsa ta sauka, don yanzu ya fara gane abin da ya rasa.

"Safina, yau awa huɗu da rabi na yi. Ko ruwa ban sha ba. Tambayi Bunza, tambayi Dakingari."

Ta ce, "Na yarda. Amma jiya munka yi da kai."

"To a sake. Adalci ke nan. Ranar da jirginsu za shi taso daga Jidda, ni ma in taso daga ƙohar gidanga. In ban riga shi isa Ambursa ba, in ban tsaya bayan wayar nan ina jiran Baba ba kahin ya sauka, ki auri Bunyaminu, ni za ni kai amarya bisa babur ɗina." Ya ɗaga kai ga turmi. "Baba, yaushe za ku dawo?"

Malam Namadi ya ce, "Sai bayan kwana arba'in, in Allah ya so."

Mutumin ya dubi Safina. Gida duka ya dubi Safina. Ta ɗauki mayafin da yatsu biyu, ta juya shi, ta ajiye. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa masa, ta jira har ya shanye.

Ta ce, "Na amince. Amma in da gaske kake sona, ka kama hanya yanzu."